Ciwon bayan da ba na lodi ba: sankarar ɓargo a jikin matasa

 

Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a Lome ta aiko mini da saƙon murya mai tsawo a kan ƙaninta. Shekararsa 36, yana fataucin albasa daga Galmi zuwa Akara. Wata takwas ya yi yana fama da ciwon baya. An yi masa ƙaho, ya sha maganin sanyi, ya sha na basir, har maganin tibi ya sha na wata uku. Sai da ƙafafunsa suka fara nauyi sannan aka zuƙo ɓargonsa aka gwada, likita ya ce kansa ce. Tambayarta biyu: "Malam, an ce mana wannan ciwon tsofaffi ne, yaya aka yi ya kama yaro? Kuma ana tashi?"

Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Na nemi izininki zan amsa a nan, domin irin wannan labari ba yau na fara jin sa ba, kuma masu karanta wannan fili yawancinsu sa'o'in ƙaninki ne, sana'arsu ɗaya da tasa.

Sunan ciwon a takardar asibitin Ghana ko Najeriya shi ne multiple myeloma. A Nijar, Togo, Benin, Kamaru da Chadi za ku ga an rubuta myélome multiple, wani likitan ma ya rubuta maladie de Kahler, sunan wani likita ne da ya yi bayaninsa a birnin Prague a 1889. Duk abu ɗaya ne. Mu a nan bari mu ce mayeloma, ko sankarar ɓargo.

Duk wanda ya taɓa fasa ƙashin rago ya san ɓargo. To a jikin mutum nan ne masana'antar jini. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyi da ake kira filasma, aikinsu ƙera makaman da jiki ke yaƙar cuta da su, kowace ƙwaya da irin nata makamin. Mayeloma na farawa ne idan ƙwaya ɗaya ta lalace ta shiga haihuwar kanta babu tsayawa. 'Ya'yanta su cika ɓargo, su hana jini mai kyau samun wuri, su sa ƙashi ya riƙa zaizayewa daga ciki kamar gara ta shiga azara. Sannan dukkansu makami iri ɗaya suke ƙerawa, furotin ne marar amfani, ya cika jini, gutsattsarinsa su gangara ƙoda su toshe ta. Daga nan alamomin suke fitowa: ciwon ƙashi, ƙarancin jini, lalacewar ƙoda, hawan sinadarin kalsiyam a jini saboda narkewar ƙashi, da yawan kamuwa da cuta, musamman limoniya.

Waɗanda suka ce miki ciwon tsofaffi ne ba ƙarya suka yi ba. A Amurka rabin waɗanda ake gano wa ciwon sun kai kusan shekara 69 ko sun wuce. Asibitin Mayo da ke can ya taɓa duba bayanan majinyata 3,278 da ya gani tsakanin 1956 da 1992, aka tarar 72 ne kawai ba su kai shekara 40 ba, wato kamar mutum biyu cikin ɗari. Waɗanda ba su kai 30 ba kuwa mutum 10 ne. Ka ga da wuya ne, amma yana faruwa. Kuma akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. A Amurka baƙar fata sun ninka farar fata kamuwa da wannan ciwo, kuma yana zo musu da 'yan shekaru kafin lokacin da yake zo wa Turawa. Da masu bincike suka so su gane ko yanayin rayuwar can ne ya jawo haka, sai suka zo Akara suka gwada jinin maza 917 masu shekara 50 zuwa 74. Sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna kusan mutum shida cikin ɗari suna ɗauke da wancan furotin ɗin ba tare da ciwo ba, ninki biyu na abin da aka samu a Turawan jihar Minnesota. Ɗauke da furotin ɗin kawai ba kansa ba ce, kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne nasa ke rikiɗewa a kowace shekara. Amma dai ya nuna mana ciwon ɗan gida ne a wannan yanki, rashin gwaji ne ya sa muke masa kallon baƙo.

Ni aikina ɗakin gwajin jini ne, shekara da shekaru. Akwai abin da in na gani a madubin na'ura sai gabana ya faɗi: jajayen ƙwayoyin jini sun hau kan juna sun jeru kamar an tara kwabbai za a ƙirga. Yawan furotin a jini ne ke manne su haka. Ba mayeloma kaɗai ke kawo shi ba, amma in na gan shi tare da ƙarancin jini, ga kuma gwajin da ake kira ESR ya haura ɗari, nakan ɗauki takardar da ƙafata in kai wa likita. Abin da na lura da shi shi ne, in mai takardar dattijo ne, nan take ake tunanin mayeloma. In ɗan shekara 35 ne, sai an zaga an zaga kafin a iso wurin. Ban cika ganin laifin kowa ba. Likitan da ya ga saurayi da ciwon ƙashin baya a ƙasashenmu, tibin ƙashi zai fara kawowa a ransa, kuma sau da yawa shi ɗin ne. In ciwon gaɓoɓi ne da ƙarancin jini, sikila zai fara tambaya. Ga maleriya, ga taifot. Mayeloma tana can ƙarshen layi.

Shi kuma majinyacin yana da nasa bayanin da ya gamsar da shi. Wanda ke kwana biyu ko uku a saman buhunan albasa daga Galmi har ya tsallake Paga, ko wanda ke tsaye kan lodin goro tun asuba, in bayansa ya yi ciwo wa zai tambaya? Ai lodi ne, ai hanya ce. Kuma gaskiya yawancin ciwon bayan fatake na lodi ne da zaman mota, kada kowa ya karanta wannan ya kwana da fargaba. Ciwon lodi yana sauƙi in an huta kwana biyu, ya tafi ya dawo. Wanda nake so ku sa wa ido shi ne wanda ya wuce wata guda yana ƙaruwa, hutu ba ya rage shi, juyi a kan katifa ko tari ko atishawa sai ka ji kamar an soka maka wuƙa a baya ko a haƙarƙari. Musamman in ya haɗu da ɗaya daga cikin waɗannan: gajiyar da ba ta da dalili, har hawa bene ya zama aiki, fari a tafin hannu da cikin ido, rama, ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari da taurin bayan gida, zazzaɓi da ciwon ƙirji da ke dawowa sau biyu sau uku a shekara. Akwai kuma karayar da ba ta da dalili. Mutum ya ɗaga galan ɗin mai, ko ya taka ƙafa daga mota, ƙashi ya ɓalle. Ƙashin saurayi lafiyayye ba ya karyewa haka. Masu ɗori suna da basira, ban raina su ba, amma wannan karayar ba tasu ba ce, domin ƙashin rami ne a cikinsa. A fara ɗaukar hoto kafin kowa ya ja shi.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato ƙoda.

A binciken Mayo ɗin nan, kusan kashi ɗaya cikin uku na matasan sun iso asibiti ƙodarsu ta riga ta taɓu. Kusan kashi ɗaya cikin uku kuma irin mayelomar da ke jikinsu ita ce mai zubar da gutsattsarin furotin zalla, wadda ta fi kowace cin ƙoda. Rabin matasan gaba ɗaya sun rayu wata 54 ko fiye, amma waɗanda suka zo da ƙoda lafiya rabinsu sun kai kusan shekara takwas ko sun wuce, kuma wannan tun kafin magungunan zamani ne. Wato makomar mutum ta dogara ƙwarai da halin da ƙodarsa ke ciki ranar da aka gano ciwon.

To mene ne ɗan kasuwa mai ciwon baya yake yi a watannin da ba a gano ba? Kun fi ni sani. A kowace tasha akwai mai tallar magani da tirensa a ka. Diklofenak, ibufurofen, piroksikam, da haɗin nan da ake ƙulla wa mutum a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba suna ba takarda. Suna kashe ciwo, shi ya sa ake saye. Amma wannan dangin magani yana rage jinin da ke shiga ƙoda. Lafiyayyen mutum ya sha na kwana uku, yawanci ba komai. Mai mayeloma kuwa, ƙodarsa dama tana kokawa da furotin, ga zafin rana, ga shi da gangan yake ƙin shan ruwa don kada fitsari ya matse shi direba ya ƙi tsayawa. Waɗannan ukun in suka haɗu, cikin 'yan kwanaki ƙoda na iya tsayawa cak. Daga nan sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san yadda yake cinye jari. Kuɗin da za a yaƙi kansar da shi sai ya tafi a can. Wallahi da za a ba ni zaɓin abu ɗaya tak da mai karatu zai riƙe daga rubutun yau, shi ne wannan: ciwon ƙashi ya wuce mako biyu kana shan irin waɗannan ƙwayoyi kullum, tsaya, je a gwada ƙodarka da jininka. Farasitamol bai da wannan illar in an sha shi bisa ƙa'ida. Tiramol kuma sai da takardar likita, kun dai ga abin da ya yi wa yaranmu a tashoshi.

Wani abin da ke yaudarar mutane: a ce an gwada fitsari ba a ga komai ba. Ɗan tsinken nan da ake tsomawa a fitsari ya canja launi, wani furotin daban yake kamawa, gutsattsarin mayeloma suna wuce shi bai gan su ba. Tun 1840 da wani abu wani likita a Landan, Henry Bence Jones, ya yi bayanin wannan furotin na fitsari, har yau da sunansa ake kiran sa, kuma gwajinsa daban ne, sai an nema musamman. Haka hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna rami sai ƙashin ya zaizaye da kusan kashi 30 cikin ɗari ko fiye. Don haka hoto mai kyau a watan farko ba ya wanke mutum.

Gwajin farko ba masu tsada ba ne, kusan kowane babban asibitin gari yana yin su: ƙirgen jini gaba ɗaya, ESR, kiriyatinin na ƙoda, kalsiyam, da jimillar furotin tare da albumin. In jimillar furotin ta yi sama alhali albumin yana ƙasa, tazarar da ke tsakani ita ce abin tambaya. Daga nan sai gwajin da ke rarrabe furotin ɗin jini a gano na bogin, ana ce masa elektiroforesis, sai kuma zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu. Mutane na tsoron wannan, har ana cewa yana gurgunta mutum. Ba ya kusa da laka ko kaɗan. Allurar kashe zafi ake yi, minti ashirin an gama, mutum ya tashi da ƙafarsa. In ƙwayoyin filasma marasa kyau sun kai kashi 10 cikin ɗari na ɓargo, ga kuma ɓarna a ƙashi ko ƙoda ko jini, an tabbatar. Likitan jini ne mai wannan aiki, kuma a manyan asibitocin koyarwa ake samun su: Korle Bu a Akara, Komfo Anokye a Kumasi, Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, manyan asibitocin Yawunde da Duwala, Malam Aminu Kano a Kano, Shika a Zariya, da na jami'o'in Sakkwato da Maiduguri.

Game da tibi: in an ɗora mutum a kan maganin tibin ƙashi, ya sha shi yadda aka ce, kada ya yanke da kansa. Amma in an yi wata biyu ba sauƙi, jini na ƙara ƙasa, ya koma ya faɗa wa likita da bakinsa, cikin ladabi: "Likita, ko za a duba furotin da ɓargo?" Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Abu ɗaya ne ba ya jiran gobe. In mai ciwon baya ya ji ƙafafu sun yi nauyi ko sun mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba bai sani ba, to ƙashi ko ƙari ya danne laka. A wannan halin awoyi ake ƙirgawa. In an sa hannu cikin kwana ɗaya ko biyu, da allura da gashin na'ura ko tiyata, sau da yawa ƙafa na dawowa. In an yi mako ana shafe-shafe da tofi a gida, da wuya. A yi addu'ar a cikin mota ana tafiya asibiti. Kuma a ɗauke shi a kwance a kan abu mai tauri, kada a naɗe shi a bayan babur.

Sai tambayarki ta biyu, Hajiya: ana tashi?

Ba zan yi miki daɗin baki ba. Ga mafi yawan mutane, har yau mayeloma ba a raba ta da jiki kwata-kwata. Ana kwantar da ita, ta yi shiru shekaru, ta motsa, a sake kwantar da ita da wani maganin. Amma tsawon shirun nan ya canja ƙwarai a zamaninmu. A Amurka, a shekarun 1970, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kai shekara biyar bayan an gano ciwon. Yanzu kusan shida cikin goma ne. Magunguna ne suka kawo wannan: talidomaid da aka gano amfaninsa ga mayeloma a 1999, bortezomib a 2003, lenalidomaid a 2006, daratumumab a 2015. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa bortezomib da lenalidomaid da talidomaid da melfalan cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, kuma kamfanonin Indiya suna yin su a farashin da bai kai na Turai ba, ko da yake har yanzu da nauyi ga talaka.

Matashi kuma yana da rinjaye a nan. Wani babban nazari da aka buga a 2008 ya haɗa majinyata 10,549 daga ƙasashe da dama, 1,689 daga cikinsu ba su kai shekara 50 ba. Matasan sun fi zuwa da ciwon a matakin farko, kuma sun fi daɗewa: rabinsu sun wuce shekara biyar, su kuwa manyan rabinsu ba su kai huɗu ba. Wannan ma lissafin kafin yawancin sababbin magungunan ne. Dalilin a fili yake. Zuciyar saurayi da huhunsa da hantarsa suna ɗaukar magani mai ƙarfi wanda dattijo ba zai jure ba, kuma yawanci bai tara hawan jini da ciwon suga ba tukuna. Sai dai in faɗi gaskiya, shekara takwas ko goma ga ɗan 75 kyauta ce babba, ga ɗan 36 mai yara a firamare kuwa ba ta isa ba. Shi ya sa likitoci ke matsa wa matashi da magani mafi ƙarfi tun farko, har da dashen ɓargo in da hali. Waɗannan alƙaluma kuma na ƙasashen da ake gano ciwo da wuri ne, magani bai yankewa. Namu sakamakon bai kai nan ba, kuma babban abin da ke ja mana baya shi ne zuwa a makare da yanke magani a tsakiya.

Dashen nan mutane na yi masa mummunar fahimta. Ba ɓargon wani ake nema ba, ba sai ɗan uwa ya bayar ba. Bayan an yi wata huɗu zuwa shida ana magani ciwon ya lafa, sai a tace ƙwayoyin asali daga jinin majinyacin kansa a ajiye, a ba shi melfalan mai yawa ya share ɓargon, sannan a mayar masa da nasa ƙwayoyin su sake tsiro. Makonni ne a asibiti, a keɓe. Wuraren da ke yin sa a Afirka ta Yamma kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa masu hali ke tafiya Indiya ko Masar ko Turkiyya. Ra'ayina, kuma na san wasu ba za su so shi ba: kada a sayar da gida da shago a ranar farko don a hau jirgi. Maganin watannin farko iri ɗaya ne a Kumasi da Delhi. A fara shi nan kusa da dangi, a tsare ƙoda, likitan jini ya rubuta wa na can wasiƙa, a tafi lokacin da tafiyar za ta yi amfani. Na ga waɗanda suka ƙone kuɗinsu a kuɗin jirgi da masauki da dillalan asibiti, suka dawo ba na sayen allurar wata na biyu.

Wahalar da ta keɓanta da ku matafiya ita ce zama wuri ɗaya. Bortezomib allura ce a ƙarƙashin fata, sau ɗaya ko biyu a mako, zagaye bayan zagaye, kowane zagaye mako uku ko huɗu. Abin da ke faruwa shi ne, bayan zagaye biyu ciwon baya ya tafi, ƙarfi ya dawo, ga kakar albasa ta kama ko Sallah ta matso farashin dabbobi ya tashi. Sai mutum ya ce bari in yi sawu ɗaya in dawo. Sawu ɗaya ya zama wata uku. Ciwon da ya dawo bayan an yanke masa magani ya fi na farko taurin kai. Tun kafin a fara, a zauna da iyali a yanke shawara: a wane gari za a yi jinyar, wa zai riƙe harkar, nawa ne kuɗin zagaye shida gaba ɗaya. A nemi likita ya faɗi jimillar. In kuɗin ba zai kai ba, a gaya masa tun farko, akwai haɗin magani mai sauƙin kuɗi da za a iya kai wa ƙarshe, kuma ya fi mai tsadar da za a bari a rabi. Nan ne ƙungiyar 'yan kasuwa da sarkin zango da adashe suke da rana. Gudummawar da za a riƙa bayarwa wata-wata ta fi ta rana ɗaya a zo a cika ɗaki da lemo.

Takardu kuma a riƙe su kamar fasfo. Kowane sakamako a ɗauke shi hoto a waya, a tura wa wani ɗan uwa ya ajiye. Ga wani abu da ke rikita mutane a kan iyaka: ma'aunin ba ɗaya ba ne. Kiriyatinin ɗin da ɗakin gwaji a Yamai ko Kwatano zai iya rubuta 12, a Kumasi za a rubuta shi 106, wani wurin a Najeriya 1.2, kuma duk ƙoda ɗaya ce lafiyayya. Kada ka kwatanta lamba da lamba ka tayar da hankalin gida, duba 'yan haruffan da ke gefen lambar, ko ka bar wa likita. Gwajin furotin na bibiya kuwa ya fi kyau a riƙa yin sa a ɗakin gwaji ɗaya. Magani kuma a saye shi ta hannun asibiti ko babban kantin magani mai rajista. Na kansa ma ana yin jabunsa, kuma kwalbar da ta kwana uku a bayan mota cikin rana ba a san abin da ya rage a cikinta ba.

Akwai maganar da ake jin nauyin yi, amma dole in yi ta tunda matasa muke magana. Talidomaid shi ne maganin da ya sa aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa a ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961, lokacin da ake ba masu ciki shi don tashin zuciya. Lenalidomaid ɗan uwansa ne. Mace mai shan su ba za ta ɗauki ciki ba sam, sai an yi gwajin ciki kafin a fara, a kuma ɗauki matakin tsarin iyali mai ƙarfi. Namiji mai sha ma yana fita a maniyyinsa, don haka sai da kwaroron roba. Wanda ke da iyali a gari biyu, duka gidajen wannan doka ta shafa, kuma duka sai an gaya musu. A kulle maganin inda yara ba sa kai wa, kada a sammaka wa kowa ko ƙwaya ɗaya. Sannan melfalan mai yawa na dashe yana iya hana haihuwa har abada. Wanda bai gama haihuwa ba ya tambayi likita tun kafin a fara, akwai wuraren da ke ajiye maniyyi a manyan birane. Bayan an yi, ba a komawa.

Waɗannan magunguna biyu suna kuma sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma zaman mota na awa goma sha biyar ƙafa a lanƙwashe yana ƙara haɗarin. Likita zai haɗa da maganin tsinka jini, a sha shi. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya ɗauke farat ɗaya, asibiti nan take. Deksametason da ke cikin haɗin, wanda wasu mata ke sha don ƙiba, yana tayar da suga yana hana barci, a riƙa gwada suga. Bortezomib na sa tafin ƙafa da yatsu su yi zugi ko su mutu, a faɗa da wuri don a rage. Allurar ƙarfafa ƙashi da ake yi wata-wata kuma tana son a ga likitan haƙori kafin a fara ta, cire haƙori a tsakiyarta na iya barin ciwon muƙamuƙi da ba ya warkewa. Zazzaɓi ga mai wannan jinya ba na "bari mu ga safe" ba ne, domin garkuwarsa a ƙasa take.

Ruwa kuwa, lita biyu zuwa uku a rana, wato ledar fiya wata huɗu zuwa shida, sai fa in likita ya taƙaita saboda ƙoda ko zuciya. Wannan ya shafi azumi. Malamai sun yi bayanin rangwamen da marar lafiya ke da shi, a haɗa maganar likita da ta malami kafin watan ya kama. Jiƙe-jiƙen gargajiya da ba a san abin da ke cikinsu ba a dakata da su, ƙodar ba ta da sauran wurin ɗaukar gwaji.

Matan gida sukan tambaye ni a asirce ko ana ɗauka. Ba a ɗauka. A ci a kwano ɗaya, a kwana ɗaki ɗaya, a wanke masa kaya ba fargaba. 'Yan uwa na jini haɗarinsu ya ɗan fi na sauran mutane, amma ciwon da wuya yake tun asali, don haka ba a bin yara da gwaji. Lodi dai ya bar shi, ko bayan ya ji sauƙi, sai likita ya duba hoton ƙashin ya ce ga nauyin da zai iya ɗauka. Tafiya a ƙafa kullum tana da amfani, kwanciya wuni guda tana ƙara narkar da ƙashi. Ciniki da waya, riƙe littafin bashi, zama a rumfa ana sallamar masu saye, duk yana iya yi tsakanin allura da allura.

Masu tambaya a kan kumburin ƙafa lokacin doguwar tafiya, na ga saƙonninku, da shi za mu shiga mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.